Rikicin PlayStation Da Xbox: Faɗan Da Ba Da Ɗan Fakku Ake Yi Ba

Duk wanda ke cikin wani zauren WhatsApp na masu son gem ya san yadda musun yake tashi. Wani ya turo bidiyon sabon wasa, ya rubuta a ƙasa cewa Xbox ta mutu sai dai a yi mata jana'iza. Wani ya mayar masa da cewa 'yan PlayStation tatsarsu kawai ake yi kamar saniya. Kafin a kira sallar isha'i saƙonni sun cika waya, an fara haɗawa da gori. Wannan musu ya kai har garuruwa irin su Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, inda matashi zai kai wayarsa shagon caji, ya karɓo ta cike, ya ƙarar da rabin cajin wajen kare martabar na'urar da bai taɓa riƙe hannunta ba, sai dai ya gan ta a YouTube da TikTok.

Musu ba laifi ba ne. Haka ake yi a gidan kallon ƙwallo tsakanin 'yan Madrid da 'yan Barcelona, a tashi a rabu lafiya. Bambancin shi ne musun ƙwallo ba ya sa mutum ya sayar da tunkiyarsa. Musun na'urar gem kuwa yana kai wasu ga tara kuɗin aikin damina guda su sayi abin da ba zai yi musu aiki ba, don kawai a ce su ma sun shiga sahu. A nan ne maganar ta wuce wasa.

Abu na farko da ya kamata ɗan Fakku ya sani shi ne, kamfanonin da yake yi wa faɗa ba su ma rubuta sunan ƙasarsa ba. Wanda ya zo buɗe asusun PlayStation Network ba zai ga Najeriya a jerin ƙasashen da ake zaɓa ba. Shi ya sa masu PS a Kano da Sakkwato da Legas suke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, sannan su riƙa sayen katin kuɗi na dala ko fam daga hannun 'yan kasuwa. A watan Mayun 2024 wannan matsala ta fito fili, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka kuma janye wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170, mafi yawan Afirka na ciki. Sai da masu wasa suka yi ca, sannan kamfanin ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. Ɓangaren Microsoft ma bai fi haka ba: hidimar Xbox ta buga gem kai tsaye daga intanet ba tare da an sauke shi ba, wadda 'yan Xbox ke alfahari da ita, ba a buɗe ta a hukumance ga Najeriya ba.

Abu na biyu ya fi ban dariya. Su masu kayan sun daɗe da sauke gatari. Tun 2020 Sony ya fara kai manyan wasanninsa kwamfuta, da Horizon Zero Dawn, sannan God of War da Spider-Man a 2022. Microsoft, bayan ya kashe dala biliyan 7.5 ya sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda a 2021, ya kuma biya kusan dala biliyan 69 ya sayi Activision Blizzard a 2023, sai ya juya ya fara kai nasa wasannin gidan abokin hamayya. A 2024 Sea of Thieves da Hi-Fi Rush suka shiga PS5. A 2025 Forza Horizon 5 da Gears of War suka bi. A watan Agustan shekarar Helldivers 2 na Sony ya sauka a Xbox, sannan a Oktoba aka sanar cewa Halo, wanda shi ne tutar Xbox tun 2001, shi ma zai fito a PlayStation. Dillalai sun shirya sun raba riba, masu kallo ne suka rage suna dambe.

Gaskiya ne gasar ta taɓa yin amfani, kuma amfanin ya shafi talaka kai tsaye. A 2013, da Microsoft zai fito da Xbox One, ya zo da tsarin cewa na'urar za ta riƙa neman intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a taƙaita aro da sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Sony ya yi masa ba'a a bainar jama'a, ya ce faifan PS4 naka ne, ka ba wanda ka ga dama, ya kuma sa farashinsa dala 399 alhali Xbox One na dala 499. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye tsarin. Da babu abokin hamayya a lokacin, da yau faifan hannu da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya ba shi da wani amfani. To amma wannan riba ta samu ne saboda masu saye sun nuna za su iya sauya sheƙa. Wanda ya rantse ba zai taɓa barin kamfani ɗaya ba, shi ne wanda kamfanin ba ya jin tsoro.

Lissafin da ba a yi a zauren musu

A watan Agustan 2025 farashin PS5 mai cin faifai ya koma dala 550 a Amurka. Xbox Series X ta kai dala 650 a watan Oktoba, kuma a wannan watan ne kuɗin Game Pass Ultimate ya tashi zuwa dala 30 a wata. Sabon babban wasa dala 70 ne. Idan aka lissafa dala a kan Naira 1,500, wajen inda ta yi ta kai-kawo a shekarar, PS5 ta haura Naira 800,000 kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribarsa. Wasa ɗaya ya kama Naira 105,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Wato albashin wata guda ba ya sayen faifai ɗaya.

Kuɗin saye ma shi ne mai sauƙi, domin sau ɗaya ake biyansa. PS5 tana jan wuta kusan watt 200 idan ana buga babban wasa, ban da talabijin da fanka. Inda wutar gwamnati ba ta tsayawa, wannan yana nufin janareto da fetur, kuma kowa ya san abin da fetur ya zama tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Ƙaramar sola da ke cajin wayoyi da kunna ƙwan fitila ba za ta ɗauki wannan nauyi na awanni ba. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a yankin Sakkwato, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. An ƙera waɗannan akwatuna ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wuta ba yankewa.

Sai data. Black Myth: Wukong yana neman wurin da ya kai gigabait 130 a kwamfuta, Starfield 125. Wanda ke sayen data gigabait ɗaya ko biyu ya riƙa lallaɓa ta har mako, ya kwatanta da kansa, ya kuma tuna cewa a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. A nan ne wani tarko yake: Xbox Series S, wadda ta fito a kan dala 299 a 2020 kuma ake yawan cewa ita ce ta talaka, ba ta da bakin faifai kwata-kwata. Duk wasan da za a buga a kanta sai an sauke shi daga intanet. A Landan ita ce mafi araha. A Fakku ita ce mafi tsada, don ba a aron wasanta, ba a musaya, ba a sayar da shi idan an gama. Haka PS5 marar bakin faifai, haka PS5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 700 ba tare da shi ba, sai an saya daban.

Akwai kuma abin da mutanen wannan yanki suka ɗanɗana wanda mai sharhin gem a Amurka bai san shi ba. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, sannan aka rufe a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. Wasa irin Diablo IV, da ya fito a 2023, ba ya buɗewa idan babu intanet, ko da mutum shi kaɗai zai buga. Wanda ya biya kuɗinsa cif, ranar da sabis ya ɗauke, abin da ya rage masa hoton bango ne.

To wasannin su kansu fa, sun yi kyau?

Wasannin da aka fi kafa hujja da su a wannan musu su ne na faɗa da rainon jarumi, waɗanda masu gem ke kira Action RPG: a ba mutum jarumi marar ƙarfi, ya riƙa yawo a duniyar wasan, yana kashe abokan gaba, yana samun makami da sulke, yana ƙara ƙarfi har ya iya tunkarar manyan dodanni. Kowane ɓangare yana cewa nasa ne suka fi. Amma idan aka jero waɗanda suka fi yin tashe a shekaru goman nan, sai a ga yawancinsu ba 'ya'yan Sony ba ne, ba kuma na Microsoft ba. The Witcher 3 na 2015 kamfanin CD Projekt na Poland ne ya yi shi, ya sayar da sama da miliyan 50. Elden Ring na 2022 aikin FromSoftware ne na Japan (Sony na da ɗan hannun jari a kamfanin, amma wasan ya fito a PlayStation da Xbox rana ɗaya), ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara, ya kuma haura miliyan 30. Black Myth: Wukong na Game Science ne daga ƙasar Sin, ya sayar da miliyan 10 cikin kwana uku a watan Agustan 2024, shekara guda bayan nan ya isa Xbox. Ko Final Fantasy XVI, da 'yan PS suka yi ta gori da shi a 2023, ya shiga Xbox a 2025.

Masu cewa wasannin zamani sun lalace suna da hujja, ba ƙarama ba. Cyberpunk 2077 ya fito a watan Disambar 2020 a karye, musamman a PS4, har Sony ya cire shi daga kasuwarsa ya mayar wa mutane kuɗi, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. An gyara shi daga baya ya zama wasa mai kyau, amma gyaran ta intanet ya zo, gigabait kan gigabait. Wanda ya sayi faifan farko a wurin da babu sabis mai ƙarfi, da karyayyen zai zauna. Wannan ɗabi'a ta a fitar da wasa yau a gyara gobe ta zama ruwan dare, kuma mutumin karkara ne ta fi cutarwa.

Ciwo na biyu kumburi ne. Takardun kotu da suka fito a 2023, lokacin shari'ar hukumar kasuwanci ta Amurka da Microsoft, sun nuna cewa Horizon Forbidden West ya ci wa Sony dala miliyan 212. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗi ba zai yi kasada ba. Sai ya yi abin da ya san an saba saya: ƙatuwar taswira, a cika ta da alamomi, a ce je ka ɗebo ganye goma, je ka share sansani na ashirin mai kama da na sha tara. Assassin's Creed Valhalla na 2020 misali ne: wasa mai kyan gani, amma labarin ya yi ta jan ƙafa har mutum ya manta dalilin fitowarsa, kuma kamfanin ya zo yana sayar da abin hanzarta ƙarfin jarumi da kuɗi na gaske. Wanda ya tsawaita hanya sannan ya kafa rumfar haya a bakinta, ai ya san abin da yake yi. Ga mai wasa da janareto kuwa, kowace awa ta aikin banza a cikin gem fetur ce ta gaske da ta ƙone.

Duk da haka, cewa zamani ya lalace gaba ɗaya kuskure ne. Elden Ring shi ne amsar. Ba ya cika taswira da alamomi, ba ya jan mutum da surutu. Ya hango hasumiya daga nesa, ya hau dokinsa ya tafi, abin da ya tarar shi ne rabonsa. Faɗansa kuma yana da wani abu da ɗan dambe zai gane: ba yawan duka ba ne, karatun abokin karawa ne, a san lokacin kaucewa da lokacin sakin hannu. Dodon da ya kashe mutum sau ashirin, a karo na ashirin da ɗaya zai faɗi, ba don an sayi wani abu ba, sai don hannu ya koya. Ana buga shi babu intanet, ba ya buƙatar Turanci mai zurfi kafin a ji daɗinsa, kuma yana nan a PS4. Ingancin wasa ke nan: abin da ya ba mutum a kowace awa, ba yawan gashin da ake iya ƙirgawa a gemun jarumi ba. Mai auna wasa da kyan hoto kawai yana yi wa rogo kallon kitse.

Na'urar da ta ci gasar

A Fakku da Kebbe da Tambuwal, na'urar gem da ta yi nasara tana cikin aljihu, sunanta Tecno ko Infinix ko itel ko Redmi. Matasa da yawa sun fara haɗuwa da Kratos ne ba a PS5 ba, a manhajar PPSSPP da ke buga wasannin tsohuwar PSP a waya, an turo musu God of War: Ghost of Sparta ta Xender a majalisa. (Manhajar kanta halattacciya ce kuma kyauta, kwafin wasannin da ake yawo da su ne ba su da lasisi.) Wannan ya nuna ƙishirwar irin waɗannan wasanni tana nan, ba ƙwallo da Free Fire kaɗai ake so ba.

Sai dai waya ma tana da nata ramin, kuma ya fi zurfi. Genshin Impact, da ya fito a 2020, kyauta ake sauke shi, yana da kyau ƙwarai, amma yana cin wuri da caji fiye da ƙarfin ƙananan wayoyi. Abin da ya fi wannan shi ne yadda yake samun kuɗi: manyan jarumai ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, damar fitowar mai tauraro biyar a jefawa ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, sai an kai jefawa 90 ake ba da tabbaci. Diablo Immortal na 2022 ya sha suka a kan irin wannan. A biya kuɗi, a jefa, a jira sa'a. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a na cikin gem a matsayin caca tun 2018, kuma Bahaushe ba ya buƙatar wata hukuma ta faɗa masa sunan wannan abu. Wasan da ake biya sau ɗaya a mallaka, irin Dead Cells ko Titan Quest da ke kasuwar Play Store, ya fi wanda ake ba da shi kyauta ya riƙa leƙen aljihu kullum.

Gidajen gem na haya kuwa, dalilin da ya sa ba a ganin irin waɗannan wasanni a cikinsu ba rashin so ba ne, lissafi ne. Wasan ƙwallo minti goma ne, mutum biyu su biya, su tashi, wasu su zauna. Wasan rainon jarumi yana neman awa hamsin na mutum ɗaya, da wurin ajiye inda ya tsaya. Amma PS4 tana ɗaukar sunayen masu amfani har 16, kowa da ajiyarsa daban. Mai shagon da ya ware lokacin da babu cunkoso, ya sa farashi na awa, ya buɗe wa kowane abokin ciniki sunansa, ya samu mutanen da dole su dawo gobe, don ba mai barin jaruminsa a tsakiyar hanya. Abokai huɗu ko biyar da suka yi karo-karo ma za su iya bin wannan tsari a gida.

Masu ganin irin wannan wasa sai Turawa da mutanen Asiya su tuna cewa tun 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan faɗa da rainon jarumi da aka gina kan al'adun Afirka. Wukong daga wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 16 aka ɗauko shi. A wannan ƙarnin ne Kanta na Kabi ya yi zamani, kuma kufan birninsa na Surame yana nan a jihar Sakkwato da ragowar ganuwarsa. Labari bai yi ƙaranci ba.

Ga wanda ya tara kuɗi kuma ya ƙudurta sai ya sayi na'ura, shawarar da ta dace da yanayin Fakku ba za ta yi daɗin faɗa a zauren musu ba: PS4 ta hannu, mai cin faifai, musamman samfurin Slim da ya fi sauƙin jan wuta. Ba don Sony ya fi Microsoft ba, sai don faifanta ya fi yawa a kasuwannin Najeriya, masu gyaranta sun fi yawa, kuma abokin musaya ya fi sauƙin samu. A kanta akwai Bloodborne da The Witcher 3 na 2015, da God of War na 2018, da Ghost of Tsushima na 2020, da Elden Ring da God of War Ragnarök na 2022. Waɗannan shida kaɗai sun ishi mutum shekara, ko fiye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tana da iyaka, kuma gara a san ta kafin a biya. Na'urar 2013 ce, sababbin manyan wasanni sun daina zuwa mata: babu Wukong a kanta, kuma GTA VI an sanar da shi ne don PS5 da Xbox Series kawai. Wanda burinsa waɗannan ne, ya ci gaba da tari, ya kuma tabbata mai bakin faifai zai saya. Wanda ya amince da PS4 kuwa, kada ya miƙa kuɗi sai an kunna ta a gabansa a shago, an saka faifai ya karanta, an buga babban wasa na aƙalla rabin awa. Idan fankarta ta fara ƙara kamar injin niƙa, ko ta mutu da kanta, ya ajiye ta ya nemi wata. Ya kuma gwada sandunan hannun biyu, ya saki, ya ga ko jarumin yana tafiya shi kaɗai.